Ranar da muka hau rufin ɗaki

Asabar, Gusau.

Ruwan da aka kwana ana yi jiya ya tilasta mini yin aikin da nake ta ɗagawa tun farkon damina. Da asuba na tarar bokitan da uwargida ta tara sun kusa cika, silin kuma ya kumbura ya yi jirwaye daidai saman gado. Da yake Agusta ne, watan marka, ina ganin gari ya washe wajen ƙarfe 9 na aika a kirawo kafinta.

Da ya kafa tsani, bai nufi wurin da nake nuna masa ba. Ya ce, "Alhaji, inda ruwa yake ɗiga daban, inda yake shiga daban." Ashe ta ramin ƙusa yake shiga can sama, sannan ya bi jikin katako ya gangaro kafin ya sauka a silin. Na hau na gani da idona, bayan ya gargaɗe ni kada in taka ko'ina sai kan layin ƙusa, inda katako yake ƙasa. Ƙusoshi da dama sun ɗago, tsatsa ta zagaye hulunansu, domin kwano yana buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, har rami ya yi wa ƙusa yawa.

A nan na ji kunya, domin ya gano aikina na bara, lokacin da na narka farin soson kwali a fetur na liƙe ramukan. Duk ya bushe ya ɓamɓare, saboda a kan tsatsa da ƙura na shafa shi. Shi kuwa sai da ya ɓata fiye da awa guda yana kankarewa da burushin waya, ya goge da tsumma, ya jira kwanon ya bushe sarai, kafin ya buɗe gwangwanin kwalta. Ya sauya ƙusoshin da suka saki, ya shafe kan kowace, ya manna tef mai kwalta a mahaɗar kwanuka yana dannawa da ƙotar guduma, sannan ya bi wuraren da ya kankare da jan fenti mai hana tsatsa.

Falle ɗaya ne ya ƙi taɓawa, wai ya ruɓe, kwalta ba za ta riƙe shi ba, sai dai sabo. Ban so jin haka ba, ganin yadda kwano ya yi tsada, amma da ya danna shi da yatsa na ga ya huje.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Na mayar da gado wurinsa, na bar bokiti ɗaya a ƙarƙashin fallen nan.