Godiya bayan bakwai ɗin Inna

Alhamdulillahi ala kulli halin. Jiya munka yi addu'ar bakwai ta Inna, yau da sahe anka kwashe rumfa da kujeru, gida ya yi wani shiru da ban taɓa ji ba tun ina yaro. Wallahi jiki ba ƙarhi, amma na ce ba ni kwana yau ban yi ma jama'a godiya ba.

Kun dai san yadda sati ukun nan na asibiti sunka kasance, ba sai na maimaita ba. Abu guda ne ya ƙi hita mani a rai. Daren da likita yac ce sai an ƙara mata jini kahin asuba, nawa bai dace da nata ba, na ƙanena ma haka, ina tsaye bakin get wajen ƙarhe 2 na dare ina ta kiran waya ba mai ɗauka, hannuna sai rawa yake, sai ga wani ɗan kabu-kabu yat tsaya ya dube ni yac ce "Yaya, ba kai ne ɗan Inna ta Mabera ba?" Ashe shina cikin yaran da Inna tas sauke lokacin ambaliyar 2010, shekarar da ruwan Goronyo ya ci ƙauyuka har ya karya gadar hanyar jami'a. Shi da uwarshi da ƙannenshi kusan wata biyu suna ɗakin bayanmu, ni har na mance huskarshi. Ya aje mashin nan, ya shiga anka gwada, anka ɗebi leda guda. Da na miƙa mashi kuɗin mai ya ture hannuna yac ce tuwon da ya ci gidanmu ya hi wanga jini yawa. Ƙanena, ka roƙe ni kar in faɗi sunanka, to ban faɗa ba, amma Allah ya san ka. Jinin nan naka ya sa Inna ta farfaɗo kwana tara har ta yi mana magana ta yahe mana. Allah ya yi ma albarka, ya tsare ka bisa hanya.

Na san ba a cika lissafa mutane ba a irin wagga lokaci, ku yi haƙuri dai. Goggo ƙarama da ta kwana bisa tabarma gefen gadon Inna tun daren farko, ba abin da za mu biya ki da shi. Malam liman da mai unguwa, nas-nas ɗin dare, samarin unguwa da sunka gina kabari cikin wannan rana ta Sakkwato, da matan Islamiyyar da Inna ta yi shekaru tana tara ma kuɗin tabarmi da allo, su sunka yi mata wanka kuma su sunka riƙe madafa har bakwai. Baƙinmu na Illela da Ƙwanni da Argungu, Allah ya maida ku gida lahiya.

Akwai kuma waɗanda a gidanta sunka yi karatu har sunka zama mutane, hotonta kawai munka gani a status. Ba komai, Inna da kanta ba ta riƙo.

Allah ya jiƙanta ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa abincin da ta ciyar da bayin Allah ya zama inuwarta ranar da ba inuwa sai tashi, ya sada ta da Annabi sallallahu alaihi wasallam, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta da dukkan iyayenmu. Wanda ke bin ta bashi ko ajiya don Allah ya zo ya same ni.

Ɗazu bayan asuba almajiranta sunka zo bakin zaure da kwanoninsu kamar kullum, sunka tsaya ba wanda ya yi bara. Matata ta tashi ta ɗora tukunyar kunun Inna.