Wa Zai Ɗauki Alhaki? Wasiƙa Daga Kolombus

'Yan uwana na gida, assalamu alaikum. Ya sanyi? Mu nan Kolombus ta jihar Ohayo namu ya wuce a kira shi hunturu, ga kuma korona da ta ƙi ɗaga mana ƙafa. Wata takarda ce ta sa na ɗauki alƙalami kafin shekarar nan ta 2020 ta fita.

Ɗan yayata yana karatu a wata jami'a a ƙasar nan, kuma ƙafarsa ce ke biya masa kuɗin makaranta, domin tallafin da ya samu na buga ƙwallo ne. A watan Yuni ya turo mini hoton wata takarda da dare, ya ce, "Kawu, an ce sai mun sa hannu kafin mu shiga filin atisaye." Na sa tabarau na karanta. Gaba ɗayanta nasiha ce: zan sa takunkumi, zan riƙa wanke hannu, zan yarda a gwada ni. Sai can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, aka ce ya san zai iya kamuwa da cutar, kuma ya yarda da hatsarin da kansa. Na ce ya dakata. Ya ce, "Kawu, in na dakata wa zai biya mini? Kuma in tallafin ya tafi, ina bizar take?" Na rasa amsa. Washegari ya sa hannu.

Sai kun ga yadda wasan jami'a yake a Amurka za ku gane nauyin maganar. Ba irin gasar NUGA ba ce da ake haɗuwa a watse. Filin jami'ar jihar Ohayo da ke garin nan yana cin mutum sama da 100,000, kuma a jihohi da yawa kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Da hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta soke gasar ƙwallon kwando ranar 12 ga Maris, kuɗin da take raba wa manyan makarantu ya faɗo daga dala miliyan 600 zuwa 225. Yaran da ke jawo kuɗin nan kuwa, har zuwa wannan shekara ta 2020, ba a biyansu albashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba bisa kuskure aka yi haka ba. A 1955 wani ɗan wasa mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon bugun da ya sha a ka a filin wasa. Matarsa ta nemi diyyar da ake biyan iyalan ma'aikaci, kotun ƙolin jihar Kolorado ta ce ai shi ɗalibi ne, ba ma'aikaci ba. A kan wannan turbar ake har yau. Da korona ta zo, tsohuwar tambaya ce ta dawo da sabuwar riga: in yaro ya kwanta, wa za a kama?

Abin da ya fi tsorata lauyoyin makarantu shi ne kumburin tsokar zuciya da likitoci suka ce yana iya biyo bayan cutar, ko a jikin matashin da bai ji komai ba. Jami'ar garin nan ta sa 'yan wasanta sa hannu a wani alƙawari, ta ce ba yafe haƙƙin kai ƙara ba ne. Wasu makarantun ba su ɓoye ba. Sanata Cory Booker da Sanata Richard Blumenthal suka kawo ƙudurin haramta irin waɗannan takardu, sannan ranar 5 ga Agusta NCAA da kanta ta hana su, ta kuma ce duk ɗalibin da ya zaɓi ya zauna bana, ba za a ƙwace masa tallafi ba. Na yi murna, amma ba ta daɗe ba. A watan Satumba gwamnan Ohayo ya sa hannu a dokar da ta kare makarantu da kamfanoni daga yawancin ƙararrakin korona. An yaga ƙaramar takarda, an rubuta babba.

Kada ku ɗauka yaran duk tilasta musu aka yi. Da rukunin Big Ten, wato gamayyar manyan jami'o'in da jami'ar garin nan ke ciki, ya ɗage wasanninsa ranar 11 ga Agusta, 'yan wasan ne suka fi kowa ihu. Justin Fields, jagoran ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar garin nan, ya tara sa hannun dubban mutane a intanet, iyaye suka yi zanga-zanga, 'yan wasa takwas na Nebraska suka tafi kotu. Ranar 16 ga Satumba Big Ten ya janye ɗagewar, da sharaɗin gwaji kullum da hutun kwana 21 ga wanda ya kamu. Ban ga laifinsu ba. Mai shekara 20 da ke da kaka ɗaya tak ta nuna kansa ga manyan ƙungiyoyi, ko wuta ka ce ya tsallaka zai tsallaka. Shi ya sa ma nake ganin "ai ya yarda da kansa" ba hujja ba ce. Yardar wanda ba shi da wata mafita, ban san sunan da za a ba ta ba.

Ɗan namu ya kamu a watan Oktoba. Aka killace shi kwana goma a ɗaki, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa cikin leda. Mahaifiyarsa tana kirana daga gida kullum bayan sallar isha, ina ce mata, "Yaya, mura ce kawai," alhali ni ma ban runtsa ba. Alhamdulillahi an yi masa gwajin zuciya, aka ce lafiya lau. Sai ga takardar kuɗin asibiti ta zo da sunansa, muka shafe makonni makaranta na tura mu wajen kamfanin inshora, kamfanin na dawo da mu.

A watan nan aka soke karawar ƙwallon Amurka tsakanin jami'ar garin nan da ta Mishigan saboda cutar ta ɓarke a sansanin Mishigan, wasan da ba a taɓa fasa bugawa ba tun 1918. Maƙwabcina ya kwana uku bai gaisa da kowa ba. Shi kuwa yaron ya koma atisaye. Jiya ya kira ni ya ce an raba musu sababbin takardu na kaka mai zuwa, na ce ya turo hotonsu, har shafin ƙarshe.

A gaida mutanen gida.