Azurfa ba gishiri ba ce: abin da zan bar wa mai karɓar makullan ɗakin gwaji

Jadawalin sinadarai da ke manne a bangon ɗakunan gwaji na makarantunmu a Kaduna ya ba kowane sinadari gida ɗaya, girma ɗaya: gidaje 118, layi 7, rukuni 18. Wannan daidaiton na ruɗar mutane, har da manya. A ɓawon ƙasa, oksijin kaɗai ya kwashe kusan kashi 46 cikin 100 na nauyi, silikon 28, alminiyam 8, baƙin ƙarfe 5. Azurfa kuwa, a matsakaicin lissafi, ba ta cika giram ɗaya a tan 10 na dutse ba, zinare kuma ya fi ta ƙaranci nesa ba kusa ba. Tunda zan miƙa makullai, da wannan zan fara, don a nan aka fi tafka asara.

Naitiret na azurfa, AgNO3, shi muke gwada kulorayid da shi, wato sinadarin da ke cikin gishirin girki: in akwai shi, farin gari ke fitowa. Lita ɗaya ta ruwansa mai ƙarfin 0.1 M (ma'aunin kaurin haɗi) tana cin giram 17, kuma kusan giram 11 a ciki azurfa ce tsantsa. Gwajin kansa ɗigo biyar ya ishe shi, ɗigo 20 kuma su ne kusan mililita ɗaya. Ashe mililita 100, wato giram 1.7, za ta yi gwaji 400. Amma shugaban sashen da muka yi aiki a ƙarƙashinsa, da zarar firatikal na WAEC ya ƙarato, sai ya ce a haɗa lita cur, wai kada a ji kunya gaban mai sa ido. Ruwan da aka tace ta tururi kuma, a wurinsa ɓarnar kuɗi ne, a ɗebo na rijiyar burtsatse. To ruwan burtsatse da na famfo duk suna ɗauke da kulorayid. Kana zubawa ruwan zai yi fari kamar an ɗiga madara, azurfar ta fara kwantawa tun a kwalba. In kwalbar mai haske ce kuma aka ajiye ta kusa da taga, cikin 'yan kwanaki ta yi baƙi, domin haske na warware gishirin azurfa. Ranar da abin ya ƙi aiki, takardar tuhuma ba ta tsaya a teburinsa ba, kan ma'aikatan ɗakin gwaji ta sauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun bar shi da Allah.

Yadda ake yi: a auna kaɗan, a narka a tataccen ruwa, a zuba a kwalba mai launin ruwan ƙasa, a sa a kabad. Bututun gwajin ma a ɗauraye su da tataccen ruwa, in ba haka ba kowane ɗalibi zai ga farin gari ya rubuta kulorayid ko da babu. Kuma kada a zubar da ragowar a kwata. A tanadi kwalba guda ta tarawa, a ɗiga mata ruwan gishiri har farin garin ya daina fitowa, a bar shi ya kwana, a tsiyaye ruwan sama. In ya taru, a zuba ƙwayoyin zinki da asid salfurik mai rauni, garin zai koma toka-toka, azurfar kenan ta dawo. Wuri ɗaya ne ba a wasa: duk abin da aka haɗa azurfa da amoniya, a zuba masa asid naitirik mai rauni nan take kafin ya shiga kwalbar. In ya daɗe a ajiye yana haifar da baƙin gari mai fashewa da ɗan motsi.

Wajen koyarwa, haddar sinadarai 20 na farko da waƙa ba ta kai yaro ko'ina. Ka nuna masa cewa a 1869 masanin kimiyya Mendeleev ya jera sinadarai 63 bisa nauyinsu ya bar gurabe, aka gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886 suka zauna daidai inda ya ce. Sannan ka tambaye shi me ya sa agon ya riga potasiyam a jadawalin alhali agon ɗin ya fi nauyi. Daga nan zai gane abin da aikin wani masani, Moseley, ya tabbatar a 1913, cewa da yawan furoton da ke tsakiyar ƙwayar zarra ake jeri, ba da nauyi ba.

Ƙarancin ma iri-iri ne, littafin aji bai cika bambancewa ba. Hiliyam shi ne na biyu a yawa a sararin samaniya, amma a nan duniya sai a wasu rijiyoyin gas, irin na Amurka da Katar, kuma wanda ya tsere daga balan-balan ya tafi kenan, alhali da shi ake sanyaya na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Indiyam na fuskar wayar hannu ba a haƙa masa rami na kansa, a wajen tace zinki ake tsintarsa. Galiyam da jamaniyam ɗin nan, a 2023 Sin ta taƙaita fitar da su. Alminiyam da ake narkawa a zuba tukwane a kasuwar Panteka ta Kaduna ya taɓa zama kayan sarakuna, duk da yawansa, har sai da aka gano hanyar tace shi ta amfani da lantarki a 1886. A gida kuma ga kuza da kolombayit na Jos, ga zinaren Birnin Gwari. In ka ambaci zinare, ka haɗa da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen da ake niƙawa a gidaje ta kashe ɗaruruwan yara.

Sauran a taƙaice. Sodiyam ya zauna cikin kananzir, kada a jefa a ruwa abin da ya wuce ƙwayar shinkafa. Ayodin na tsere wa kwalba a zafin Maris da Afrilu in murfin bai kama ba. NaOH, wato sodiyam haidiroksayid, na shan laima da damina ya dunƙule, a ɗaure bakin kwalbarsa. FeSO4, wato salfet na baƙin ƙarfe, a haɗa shi da safiyar ranar gwaji, in ya kwana biyu rawaya yake komawa. Duk abin da aka ce ka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, ka rubuta a littafin sito da kwanan wata, mai umarnin ya sa hannu.