Inda Aka Kwana da Littafin Rakiya

'Yan uwa masu koyon rubutu, barkanmu da ƙoƙari. Wasunku sun yi ta tambaya ko na jingine labarin Rakiya ne. Yana nan. Babi tara sun kammala, ina cikin na goma, ga kuma abin da aikin ya ƙunsa zuwa yanzu.

Ga wanda bai san labarin ba: Rakiya amarya ce a gidan Sabo, ɗan kasuwar riɗi da zoɓo a Dawanau. An kashe shi a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Maigatari, aka ce 'yan fashi ne, aka binne shi, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ita kaɗai ta san abokin cinikinsa, Alhaji Mudi, yana da hannu, kuma tana cikin takaba.

Kalanda

Kafin in ci gaba daga babi na uku, sai da na zauna da kalanda. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta ce, kuma da watan sama ake lissafi. Na nemi ranar da za ta ba ni abin da nake so, na same ta a 2025. Kasuwar Maigatari ran Alhamis take ci. Alhamis 30 ga Janairu, da rana ta faɗi, an shiga daren ɗaya ga Sha'aban. Idan Sabo ya mutu bayan magariba a wannan dare, to ƙirga: Sha'aban, Ramadan, Shawwal, Zulƙida, sai kwana goma na Zulhajji. Takabar Rakiya za ta cika da faɗuwar rana ran Babbar Sallah, Juma'a 6 ga Yuni. Kwana 127.

Wannan lissafi ya sauƙaƙa mini rabin aiki. Gawa ta zo cikin sanyin hunturu. An ɗauki azumi 1 ga Maris, don haka sadakar arba'in ta faɗo a cikin Ramadan, babu mai cin gumba da waina sai an sha ruwa. Ƙaramar Sallah 30 ga Maris, unguwa ta cika da ƙamshin turare da sababbin ɗinkuna, Rakiya babu kwalli, babu lalle, babu ɗan kunne. Sai zafin bazara, lokacin da kowa a gidan ya ƙosa da kowa, a nan na ajiye rigimar gado. Ba sai na ƙirƙiro yanayi ba, watan ne yake ba ni.

Wata 'yar uwa ta ba ni shawarar in sa Rakiya tana da ciki don a ƙara tausaya mata. Na ƙi. Mai ciki haihuwa ce ƙarshen iddarta, kuma da na yi haka da kalandar nan ta rushe.

Babi na huɗu: gaisuwa

Wannan shi ne babin da na fi jin daɗinsa. Hujjar Rakiya guda ɗaya ce, kuma a kunnenta take. Dab da magariba Sabo ya kira ta a waya, ya ce sun taso, ta ajiye masa tuwo. A bayansa ta ji muryar Alhaji Mudi yana cewa a gaishe da amarya. Ran sadakar uku sai ga shi, yayan mamacin ya shigo da shi cikin gida ya gaisa da mata. Ga yadda na rubuta wurin:

"Amarya, ya haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji."

"Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan. Wallahi rabona da shi tun ran Talata a rumfa. Da na san tafiyar nan ce ajalinsa, da na hana shi."

Mata suka amsa da amin. Rakiya ta zuba wa tabarma ido. Wani zare ya fita daga saƙar, ta sa farce tana jansa har ya tsinke. Gwaggo ta zungure ta. "Ana yi miki gaisuwa."

"Na gode, Alhaji. Allah ya ba da lada."

A nan na tsaya. Babu faɗuwar gaba, babu jajayen idanu, babu dogon zancen zuci. Mai karatu ya ji wayar a babi na ɗaya da kunnensa, ba ya bukatar in tuna masa. Mu masu koyo muna da tsoron kada a kasa gane mu, sai mu yi bayani sau uku, mu kashe wurin da hannunmu. Ni dai a ganina gaisuwar mutuwa ta Hausa kyauta ce ga marubuci: kalmominta a shirye suke, kowa ya haddace su, don haka da zarar mutum ya ƙara jimla ɗaya da ba ta cikin tsari, ita ake ji.

Babi na biyar da na shida: baƙin ciki

Nan ne aikin ya yi nauyi. A gidajenmu ba a barin mai rashi ta yi kuka yadda take so. Da ta ɗaga murya za a ce ta yi haƙuri, addu'a yake bukata, kar ta yi saɓo. Daga safe zuwa dare kalmar haƙuri ake ɗura mata. To idan hawaye ba su da hanya, ta ina zan nuna abin da ke cinta?

Na bi ta girki. Gidan Sabo kwana bibbiyu ake yi. Bayan ya mutu rabon kwana ba shi da sauran ma'ana, amma jikin Rakiya bai daina ƙirga ba. Ran da ya kamata ta karɓi girki sai ta farka tun kafin asalatu, ta share ɗaki, ta kai hannu wajen kaskon turaren wuta, sannan ta tuna. A azumi na sa ta dama kunun tsamiya mai kauri irin yadda yake so, alhali ita mai ruwa-ruwa take sha. Uwargidan, wadda Rakiya ke kira Yaya, ta ɗanɗana, ta dube ta, ba ta ce komai ba, ta shanye. Shafi ɗaya ne, amma shi ya fara haɗa kan matan biyu.

Zancen Yaya kuwa, na yi rantsuwa ba zan mai da ita muguwar kishiya ba. An gaji. Ita ma mijinta ne ya mutu, ta riga Rakiya saninsa da shekaru, 'ya'yanta maza biyu ƙanana ne, kuma tsoronta ya fi na Rakiya: idan aka taɓa Alhaji Mudi, wa zai ci gaba da aiko da buhun masara?

Akwai kuma 'yar wuƙar da tsofaffi a wasu wurare kan ba mai takaba ta riƙe. Al'ada ce, malamai ba su san da ita a littafi ba, amma gwaggon Rakiya irin mutanen da ne, ta ba ta. Duk wanda ya karanta babin ya ce ai da wuƙar nan za ta soke shi. Madalla, su ci gaba da zato. Wuƙar ba za ta yanka komai ba sai albasa.

Babi na bakwai zuwa na tara: me za ta iya yi?

Ana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma kafin a zo ga zafi sai an amsa tambaya mai sauƙi: macen da ba ta kwana a waje, ba ta fita sai da lalura, ba ta da ko sisi nata, da me za ta rama?

Hanyoyin da aka saba na rufe su ɗaya bayan ɗaya. Boka babu shi a littafin nan. Guba ma haka, don Rakiyar da na gina mai tsoron Allah ce, idan ta zuba wa mutum guba to wata ce daban. 'Yan sanda sun rubuta fashi sun rufe fayil, kuma muryar da mace ɗaya ta ce ta ji a waya ba hujja ba ce. Sai maganar jini. A mazhabar Malikiyya da muke bi, haƙƙin neman ƙisasi na dangin mamaci ne ta wajen uba, irin su ɗa da uba da 'yan uwa maza. Matar aure tana gadon diyya idan an biya, amma ba ita ke cewa a kashe ko a yafe ba. Yayan Sabo kuwa Alhaji Mudi ne ya biya masa kujerar Makka. Babu mai motsi.

Ƙofar da ta rage ita ce gado, kuma nan labarin ya buɗe. Tunda Sabo ya bar 'ya'ya, rabon matansa tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas, su biyu su raba. Idan abin da ya bari ya kai naira miliyan 16, mata miliyan 2 ne, Rakiya miliyan 1. Amma ba a raba gado sai an biya bashi, haka ayoyin Suratun Nisa'i suka jera. Shi ya sa a babi na takwas Alhaji Mudi ya zo da takarda, ya ce yana bin marigayi kuɗin tirelar riɗi. Idan aka yarda, sito da gida duk sun tafi, marayu su tashi a tutar babu. Nan ne dalilin kisan ya fito ba tare da na sa wani ya tsaya ya yi jawabi ba.

Ga kuma abin da ya ba Rakiya makami. Wanda ya yi da'awar bashi a kan mamaci, ko ya kawo shaidu, alƙali yakan sa shi ya rantse cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, saboda mamaci ba ya nan balle ya kare kansa. Dangi suna so a sasanta a zaure a rufa asiri. Rakiya, da ɗan rabonta na rabin tumuni, tana da bakin cewa ba ta yarda ba, a je gaban alƙali. Ba za ta iya sa a kashe shi ba, amma za ta iya sa ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban 'yan kasuwar Dawanau, bayan ta tanadi littafin da Sabo ke rubuta cinikinsa. Ɗan kasuwar da aka kama da rantsuwar ƙarya, wa zai sake ba shi kaya bashi?

Babi na tara gajere ne. Alhaji Mudi ya shigo da kayan abinci, ya ce mace irinta ba za ta rasa mai riƙe ta ba. Aya ta 235 ta hana fito-na-fito da maganar aure ga mai idda, amma ta bar shaguɓe, shi kuma ya san iyakar sarai, a kanta yake tafiya. Rakiya ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ta bar shi da sa rai, don mai sa rai ba ya ɓoye takardunsa da kyau.

Abin da ke gabana

Babi na goma na yaron shagon Sabo ne, wanda littafin cinikin ke hannunsa, ya gudu da shi ƙauyensu don tsoro. Rakiya ba za ta iya zuwa ba, dole wani ya je a madadinta, kuma mutum biyu ne a gabana. Ko ƙaninta ɗan acaɓa, wanda zai sa tafiyar ta yi sauri, ko dillaliyar da ke shiga gida-gida da atamfofi, wadda babu mai tambayarta ina za ta. Na fi karkata ga dillaliyar, sai dai bakinta ba ya riƙe magana, kuma idan Yaya ta ji labari kafin Zulƙida, zaman kotun da na tsara zai zo da wuri. Wanda ya karanta babi tara ɗin nan ya faɗa mini wanne ya fi zama a ransa. Zan kawo na goma da na sha ɗaya tare, in sha Allahu.