Abin da sasanci tsakanin iyaye da hukumar ilimi ya koya mini

A aikin da nake yi na tallafa wa iyayen yara masu buƙata ta musamman a Ingila, na lura cewa yawancin saɓanin da ke shiga tsakaninsu da ƙaramar hukuma yana samo asali ne daga lafazin da aka rubuta a takarda. Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ce ta samar da tsarin EHC, wato takardar da ke tattara buƙatun yaro na ilimi da lafiya da kulawa, wadda za ta iya bin sa har ya kai shekara 25, kuma an ƙayyade mako 20 don kammala ta daga ranar da aka nemi a tantance shi.

Sashen F na wannan takarda, inda ake fayyace tallafin ilimi, shi ne wurin da rigima ta fi kwanciya. Sau da yawa za a rubuta cewa yaro zai riƙa ganin ƙwararren mai koyar da furuci a kai a kai. Uwa ta karanta, ta ɗauka kowane mako ake nufi, makaranta kuma ta ɗauka sau ɗaya a zango ya wadatar, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya sa duk zaman sasancin da na shiga nake tambaya: wa zai yi aikin, sau nawa, minti nawa, kuma yaron shi kaɗai ne ko cikin rukuni? Doka ta wajabta wa hukuma samar da abin da ke wannan sashe, amma yana da wuya a tilasta mata abin da ba a fayyace ba.

Na kuma koyi muhimmancin sanin wanda ke zaune a ɗaya ɓangaren teburin. Idan wakilin hukuma ba shi da ikon yanke shawara, sai a watse da alkawarin cewa zai tuntuɓi na gaba da shi, ga shi kuwa lokaci ba ya jira. Wa'adin kai ƙara kotun musamman da ke sauraron irin wannan saɓani wata 2 ne daga ranar wasiƙar da hukuma ta sanar da shawararta a ciki, ko wata 1 daga ranar takardar shaidar mai sasanci, duk wanda ya zo daga baya. Dole ne a tuntuɓi mai sasanci kafin a kai ƙara, sai dai idan a kan zaɓin makaranta kawai ake jayayya, amma halartar zaman ba tilas ba ne.

Yana damuna ƙwarai in ga an ɗauki ɓacin ran iyaye a matsayin taurin kai, domin galibinsu sun gaji ne da maimaita labarin ɗansu ga sababbin fuskoki. Jami'an ma suna fama da ƙarancin kuɗi, amma wannan bai rage wa yaro haƙƙinsa ba. Idan an cimma matsaya, ina dagewa a rubuta ta kafin kowa ya tashi, tare da ranar fara aiki da sunan wanda zai ɗauki nauyinsa.