Kamun Kifi da Fatsa a Tsibirin Angulsi Lokacin Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Janairu, kifayen teku da ake kira whiting da cod kan matso bakin gaɓar tsibirin Angulsi (Anglesey) da ke arewacin Wales, a Birtaniya. An fi kamu da dare kan da rana, musamman ruwa na cikowa, kwana ɗaya bayan iska ta dama teku ta tono tsutsotsi.

Ka nemi sandar fatsa mai tsawon ƙafa 12 zuwa 13, da dalmar nutsar da ƙugiya mai giram 150 mai ƙafafun waya da ke kama yashi. Dalma marar waya, ruwa zai yi ta mirgina ta har zarenka ya sarƙe da na maƙwabci. A gaban zaren ka ɗaura wani mai kauri, mai ɗaukar kilo 25, tsawon sandar sau biyu. In babu shi, zaren yakan tsinke wajen jifa, dalmar ta tashi tamkar harsashi.

A ƙugiya, ka sa tsutsar yashi da yankin squid, wata dabbar teku mai taushin jiki da hannuwa da yawa. Ka naɗe su da zaren roba, kada ƙaguwa ta kwashe. Duk minti 15 ka sabunta, domin ruwa na wanke ƙamshin.

Duwatsun bakin tekun santsi gare su. Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka juya wa teku baya.