Lakwaja: da la'asar me?

Asabar, dare.

Mun dawo lafiya daga yawon buɗe ido a Lakwaja, alhamdulillahi. Masu aiko da saƙo suna tambaya ko kada ya cinye ni, bai ci ba. Ƙafafun nan dai yau ba nawa ba ne, tafin hannuna na dama ya yi ɓororo, Auta kuwa tun daga Abaji yake barci baki buɗe, sai da Oga ya jijjiga shi a ƙofar gida. Na yi wanka, na shafa man zafi, na kwanta, barci ya ce bai san zancen ba. Shi ya sa kuka gan ni nan.

Tafiya ta yi kyau. Na faɗa tun yanzu, kada gobe a ce na cika mita.

Da duhu muka bar Abuja, asuba a hanya muka yi ta. Gwagwalada, Kwali, Abaji, sai Koton Ƙarfe, inda ruwa ya shanye titi a 2022 tankokin mai suka yi cirko-cirko, mu kuma a Abuja muka dinga kwana a layin gidan mai. Yau wurin a bushe ƙamas, awaki na kiwo. A gadar Murtala ta Jamata na fara ganin kogin Kwara, kowa ya miƙe da waya a hannu.

Ɗan jagoranmu saurayi ne mai fara'a, da hular hana-sallah da takarda a manne jikin allo. Da usur a wuya. Tun a tasha ya yi mana bayani: in ya busa sau ɗaya a taru, sau biyu a tashi, sau uku akwai hatsari. Muka yi dariya, mun ɗauka wasa ne. Ashe da gaske yake. A cikinmu akwai wata Hajiya da ta aurar da 'ya'ya, akwai wani likita mai furfura, duk usur ɗin nan bai bar kowa ba. Ni rabona da a busa mini usur tun sansanin bautar ƙasa.

Dutsen Patti a bayan gari yake, tsayinsa mita 458. Akwai titi da ya nannaɗe shi har sama, muna ji muna gani 'yan acaɓa na wuce mu, amma da ƙafa aka ce, wahalar muka saya da kuɗinmu. Wanda ya saba hawa matakalar Dala kada ya ɗauka abu ɗaya ne. Sanyin hunturu kuma bai san hanyar Lakwaja ba, hazon kawai ya iso. Kafin rabin hanya hijabina ya jiƙe sharkaf, Hajiya ta zauna a kan wani dutse ta ce a wuce, za ta jira mu a nan har tashin ƙiyama. Likita ya ba ta dabino da ruwa, ta miƙe. Ita ta riga ni kaiwa.

A sama iska ta biya mu. Ga gari a ƙasa, kwanon rufi ja da fari, ga Kwara ta gangaro daga arewa, ga Binuwai ta shigo daga gabas, tsibiran yashi sun fito fari fat a tsakani saboda rani. Hazo ya ɗan rufe nesa, amma ana gane inda suka haɗu. Na so in tsaya in yi shiru kawai. Fiit. A taru a gidan Lugga, wato Lord Lugard.

Ɗan ƙaramin gini ne, da mutum-mutuminsa da na matarsa a gaba. Ɗan jagora ya zuba karatunsa tiryan-tiryan: a garin nan ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya karɓi ragamar Arewa, daga baya hedikwata ta koma Jebba, ta koma Zungeru, ta ƙare a Kaduna. Wannan duk haka ne. Sai ya ƙara da cewa a daidai nan matar ta tsaya tana kallon ruwa ta raɗa wa Najeriya suna. Na yi gyaran murya, Auta ya taka mini ƙafa. A jaridar Times ta Landan ta rubuta shawarar sunan a 1897, aurensu kuwa sai 1902. Na haɗiye. Aka shiga ɗaukar hoto, kowa sai ya dafa kafaɗar Lugga, wasu har da rungumar matar. Mun fi rabin awa a kan haka, ba a busa komai ba.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Azahar a wani masallaci a gindin dutse. Dafa-duka da soyayyen kifi a roba, da yaji mai sa hawaye. Auta ya ci nasa ya ci rabin nawa.

Sai bakin ruwa.

Aka raba mana rigunan kariya masu ruwan lemo, aka rarraba mu a kwalekwale, kowanne da matuƙinsa. Namu wani dattijo ne Banufe, siriri, hannayensa duk jijiya, da ɗan jikansa a tsakiya riƙe da yankakkiyar jarka yana kwalfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Su biyun ba riga. Na tambaya, yaron ya dube ni ya dubi kakansa suka yi murmushi.

Baba ya miƙo mini filafili ya gyara mini riƙo: hannu ɗaya a kansa, ɗaya kusa da faffaɗan, a tsoma shi a tsaye, a ja ruwa zuwa baya, a ɗan karkata shi kafin a ciro. Na tsoma na ja da ƙarfina, jirgi ya juya hanci ya nufi inda muka fito. Auta ya tsoma nasa ta ɗaya gefen, ya watsa mini ruwa a fuska. Baba bai ce uffan ba, daga baya yake ɗan lanƙwasa nasa filafilin, jirgin ya miƙe, mu kuma muna ta murna wai mun iya. Ya bi da mu ta gefen gaɓa inda ruwa ba shi da ƙarfi, muka wuce mata masu wanki, da wani masunci tsaye a bakin jirginsa yana jefa birgi, ragar ta buɗe a sama ta sauka da'ira guda. Can da hannuna ya fara kama abin, sai na ji daɗin da ban zata ba. In ka ja daidai, kana jin jirgin ya amsa a ƙarƙashinka.

A nan ne Baba ya yi magana. Hausarsa tas, sai ɗan karin harshen Nufawa.

“'Yata, daga ina?”

Na ce daga Abuja, amma asali Kano.

“Birni ko waje?”

Na yi dariya na ce, “Baba, ashe ka san gari. Cikin birni.”

Ya ce ya sha kai busasshen kifi da ƙuruciya. Ya ɗan yi shiru, ya ja ruwa sau biyu. Sannan ya ce, “To kun gaida sarkinku?”

Auta, da bakinsa da ba ya jiƙa, ya ce, “Wanne daga ciki, Baba?”

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ciro filafili ya nuna cikin gari da shi, ruwa na ɗiga. “Na kwance nake nufi. Alu. Ga shi can a unguwar Kabawa, shi da na Zazzau biyu, da namu na Bida. Kun hau dutse kun gaida wanda ya kawo su, ai sai ku gaida su.”

Ban sami abin cewa ba. Ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba: “Mahaifina ya gan shi da idonsa, yana yaro. Ya ce kullum da la'asar...”

Fiit!

Wai duk jirage su matso wuri ɗaya, a ɗaga filafili sama, za a ɗauki hoton rukuni a mahaɗa. Baba ya rufe bakinsa ya juya jirgi. Muka ɗaga, muka yi ihun da aka ce mu yi, aka ce bai yi kyau ba a sake. Kafin a gama ruwa ya ja mu zuwa inda kogunan biyu ke gogayya, jirgi ya fara rawa, Baba ya koma Nufanci yana ba yaron umarni da kakkausar murya, mu ya ce mu ajiye filafili mu zauna daram. Ba lokacin hira ba ne, ko ni na san haka. Launi biyun da ake ta faɗa na gan su, ɗaya ja-ja ɗaya kore-kore, da wani layi mai kumfa a tsakani, amma wallahi hankalina ba ya wurin.

Na ce in mun fito gaɓa zan tambaye shi. Muna taɓa yashi aka busa sau biyu, a miƙa riguna, a hau mota. Kafin in kwance igiyar rigata wasu mata 'yan kasuwa sun cika jirginsa da buhuna da kwanduna, yaron ya tura. Na ɗaga murya na ce, “Baba! Da la'asar me?” Ya juyo, ya ɗaga hannu, bakinsa ya motsa. Wani jirgi mai inji ya tayar a kusa da mu. Shi ke nan.

Kun san a gidanmu Alu ba sunan littafi ba ne. Goggo ma Maisango take ce masa, sai ka rantse maƙwabcinta ne. Shi ya ci Basasa, yaƙin rikicin sarautar Kano, ya hau gadon sarauta a 1894. Ranar da Turawa suka fasa Kano a watan Fabrairun 1903 ba ya gari, ya tafi Sakkwato. A hanyar dawowa ya rabu da jama'arsa cikin dare, Waziri Ahmadu ya ja sauran suka gamu da Turawa a Kwatarkwashi, can ya kwanta. Har gobe in hira ta biyo ta kan daren nan Goggo da Kawu sai sun ɓata, ita ta ce hijira ya yi, shi ya ce gudu ne a kira shi da sunansa. Aka kama shi, aka kai shi Yola, aka dawo da shi Lakwaja. Bai sake ganin Dala ba har ya rasu a 1926. Shekara ashirin da ɗoriya. Kwasau na Zazzau nan ya ƙare, Aliyu Ɗansidi mai waƙoƙi ma nan ya ƙare.

Duk wannan na sani tun ina yarinya. Abin da ba a taɓa ba ni ba shi ne la'asar ɗinsa. Mutumin da aka yi wa tambari a Ƙofar Kudu, ya wayi gari a garin da zafi ba ya sauka, ruwa gaba dutse baya, me yake yi in rana ta karkata? Fitowa yake bakin kogi ya zauna? Karatu yake ba yara? Ko dai wani ɗan abu ne na ban dariya, irin wanda yaro kaɗai zai lura da shi ya riƙe har tsufa ya ba ɗansa? Tun a mota nake jera amsoshi ina rushewa. Wataƙila ma ba wani abin kirki ba ne. Wannan ya fi ci mini rai, don ƙaramin abu ne ba a rubutawa.

A bakin mota na tari ɗan jagora. Na ce, “Don Allah ƙanena, Kabawa ba nisa. Minti goma, mu yi addu'a mu fito.”

Ya duba allonsa. “Hajiya, ba ya cikin tsarinmu.”

Na ce gidan Lugga fa, rabin awa?

“Shi ai yana ciki.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba da rashin kunya ba. Ya ƙara da cewa dole mu wuce dajin nan kafin duhu, kuma ran mutum goma sha wani abu yana wuyansa.

A nan ya fi ni gaskiya, duk wanda ya san hanyar Lakwaja zuwa Abuja ba ya son magariba ta same shi a kanta. Ba shi ya rubuta takardar ba, ba shi aka yi. Amma wani ya zauna a ofis ya auna garin nan kaf, ya ga hoto da mutum-mutumi ya cancanci rabin awa, kaburburan sarakuna ba su cancanci layi ɗaya ba. Mu kuma muka biya, muka dafa kafaɗa, muka yi murmushi. Hotona yana nan a waya, na fi kowa washe baki.

Hajiya da ta ji mu ta ce, “Ki yi musu fatiha daga nan, tana isa.” Muka yi, ni da ita da likita, mota na fita daga gari. Auta ya shafa tare da mu, ido rufe, ban tabbata ba barci ya fara ba.

Sauran hanya ba labari. Lemo da ayaba a Koton Ƙarfe. Cunkoso a Gwagwalada. Takalmina ɗaya ya ɓalle.

Oga ya ce in abin ya dame ni haka, wata Asabar ɗin ma tafi da motarmu, ba usur. Na ce ina zan ga Baba, ko sunansa ban tambaya ba. Ya ce mashigin ai ba tashi zai yi ba. Za mu gani, kun san alkawarin Oga da Asabar.

Ban kira Goggo ba tukuna. In na ce mata na je Lakwaja na san tambayar farko.

Ɗazu ɗan jagora ya turo saƙo a WhatsApp, da godiya da hotuna, wai kowa ya ba tafiyar taurari daga ɗaya zuwa biyar. Nawa na nan ban taɓa ba. Auta ya farka shan ruwa, na tambaye shi nawa ya bayar, ya ce biyar. Na ce saboda me? Ya ce kifin ya soyu.